Daga Hantsi Zuwa La'asar

Shinkafar da aka turara ba ta jira. Wanda bai taɓa sana'ar ba sai ya ɗauka faɗa ce kawai. A jiƙa shanshera, wato shinkafa mai ɓawonta, ta kwana a ruwan ɗumi, da sassafe a tsame, a ɗora a rabin duro a rufe da buhu, tururi ya ratsa ta har bakinta ya tsage. Daga nan kuma rana take nema, a ranar, ba gobe ba. In ta samu, ta bushe ta yi ƙwari, inji ya fito da ita santala-santala. In ba ta samu ba, kafin gari ya waye ta yi tsami ta yi duhu, in an kai inji ta kakkarye, sai dai a ba masu kaji.

Shi ya sa filin da ke tsakiyar garinmu ya zama mana abin da ya zama. Titi yana gabas da shi, da wata tsohuwar darbejiya a bakin titin. Masallaci da injin casa suna kudu, lambatu yana yamma. Ni wurina yana can gefen arewa, jikin katangar wani tsohon sito da ya rushe. Tun shekarun da ruwan kanal ya iso mana aka fara noman shinkafa rani da damina nake shanya a wurin. Mu muka cire ƙaya da hannunmu, muka zuba tsakuwa, muka yi daɓe muna bugu har tafukanmu suka yi kanta. Waɗanda muka yi aikin tare yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Saura ni da aminiyata, wadda wurinta ke manne da nawa, sai 'ya'yan marigayan da jikokinsu.

Ba mu da takarda. Kowace mace da duwatsunta, da su take danne bakin leda, da su kuma ake gane iyakarta. Nawa jajaye ne guda shida, na aminiyata da ɓarin turmi a ciki. Kuma muna da al'ada tun farko: jajibirin kasuwa ba a jiƙa shanshera. Ranar kasuwa sai mu tattara duwatsun mu tara a gindin darbejiya, mu bar wa motoci filin. Ba wanda ya sa mu. Mun ga dai baƙi suna buƙatar inda za su tsaya, kuma su ne masu sayen shinkafar.

Sauran kwanakin kuwa ina zaune a bakin shanyata da sanda. Aikin mai shanya kallo ne. Ki kalli akuya, ki kalli kaza, ki kalli sama, ki kalli inuwa. Mutanen gari suna cewa ba na dariya. Wadda ta tsaya dariya, akuya ta cinye mata kwano guda.

Gari ya cika, wannan kam ba mai musu. Lokacin tumatir manyan motoci sukan jeru a bakin titi hagu da dama, har a-daidaita-sahu sai ya karkace yake wucewa. Ɗana na fari manomin tumatir ne. Akwai shekarar da motar da za ta ɗauki kayansa ta maƙale a tsakiyar gari tun safe har rana ta take, kwandunan suna zaune a bakin gona suna tsiyayar ruwa. Da na ji ana cewa majalisar ƙaramar hukuma za ta gyara tsakiyar gari, ta samar wa motoci wurin tsayawa, cewa na yi Alhamdulillahi. Ban san da wurinmu ake ba.

Kansilan mazaɓarmu ne ya zo ya faɗa mini. Jikan wata ƙawata ce marigayiya, don haka tun yana yawo ba wando yake kirana amaryarsa, irin wasan jika da kaka. Ya tsuguna a bakin ledata ya ce, “Amarya, an wuni lafiya? Har yanzu ba a yi mini tuwon ba?”

Na ce, “Angon da ba cefane ba shi da tuwo. Janye ƙafarka daga kan ledata. Me ya kawo ka?”

Sai ya daina wasan. Ya ce abu biyu ne a gaban majalisa. 'Yan kasuwa suna son a gina shaguna na bene. Direbobi suna son a yi tasha guda da kowa zai riƙa ajiye mota, babba da ƙarama, a kewaye a sa ƙofa. Injiniya ya zana yadda za a raba: rabin gabas, bakin titi, shaguna, rabin yamma motoci.

Na ce, “To mu fa?”

“An ce za a ba ku wuri a bayan gari, kusa da kanal.”

Na san wurin. Ƙasar ba ta bushewa ko da bazara, ruwa ke tsattsafowa ta ƙasa. Tsuntsayen jan-baki kuwa nan ne gidansu. Ga nisa. Jiƙaƙƙiyar shinkafa mai zafi, daro guda sai mace biyu sun kama ake ɗora wa ta uku. Wa zai kai ta can ya dawo da ita inji? Na dube shi na ce, “Kakarka ta yi daɓen nan da cikin uwarka a jikinta.”

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Shi ya sa na zo da kaina. Za a saurari jama'a a sakatariya. In kin zo, ni zan nema miki izinin magana.”

Matan filin suka taru a gidana da yamma. Masu ƙuruciya suka ce a yi gangami a tare titi. Na ce duk wadda ta tare titi, tumatirin ɗana ta tare, da na mijinta. Wata ta ce a samo mai ilimi ya rubuta mana koke. Na ce a rubuta, ba laifi, amma takarda ba ta san nauyin daro ba. Sai da kowa ya watse sannan aminiyata ta ce, “Ke dai in kin je kada ki zagi kowa.” Na ce yaushe na taɓa zagi. Ta ce, “Idonki nake nufi.”

Muka je mu biyu. Zaure ne babba, fanka tana juyawa a sama, kujerun roba a jere. Ciyaman yana gaba, kansiloli a gefensa. Wakilin 'yan kasuwa ya yi magana, kuma gaskiya ya faɗa: matasa sun koyi ɗinki da gyaran waya, ba su da inda za su zauna, sai su tafi Kano. Shugaban direbobi ya tashi, shi ma gaskiya ya faɗa. Wannan mutumin mun shekara fiye da goma ba ma ga maciji. Motarsa ce ta taɓa kwana a filin ta zubar da baƙin mai a kan daɓe, tabon ya ƙi fita, har yau ba mai shanya a kansa. Ranar na bi shi har bakin masallaci, abin da na faɗa masa jama'a ba su manta ba.

Kansilolin kansu ba su da baki ɗaya. Wani ya ce a yi shaguna a duk filin, motoci su fita bayan gari. Wani ya ce in motoci suka fita, ciniki ya bi su. Aka yi ta ja. Duk wannan zaman ban ji bakin da ya ambaci shinkafa ba.

Sai injiniyan ya warware wata babbar takarda ya manna a bango. Matashi ne siriri mai tabarau, ba ɗan garinmu ba. Ni ban san karatun takarda ba, amma na ga titi, na ga lambatu, na gane filinmu. Da kansila ya nema mini izini sai na tashi na yi sallama na ce, “Ranka ya daɗe, ba roƙo na zo ba, tambaya ce da ni ga ɗan nan. Ɗana, nuna mini shinkafa a jikin takardar.”

Ya ce, “Wace shinkafa, Baba?”

“Ka zo filin da ƙafarka?”

“Sau uku na zo. Motoci na tarar cike, sai tarin duwatsu a gindin bishiya.”

“Wace rana ka zo?”

Ya ce ranar kasuwa. Na biyun fa? Ranar kasuwa. Na ukun? Sai ya ɗan sosa ƙeya ya ce ai ita ce ranar da ta fi yi masa, saboda maiɗakinsa takan ba shi sautun shinkafa, ta ce ta garin nan ba tsakuwa.

Na ce, “Allah ya yi mata albarka. Shinkafar da kake kai mata, a ina ka ɗauka ta bushe? A kan gajimare?”

Zauren ya kwashe da dariya, har ciyaman sai da ya rufe baki da hannun riga. Ni ban yi ba. Yaron bai yi laifi ba, mu ne muka share filin tas muka ba shi abin da ya gani.

Shugaban direbobi ya ce, “To Hajiya, ya za a yi? Mota dai ba ta tashi sama.”

Na ce, “Ba ta tashi, amma tana tafiya. Ni nake zaune a wurin, kai wucewa kake. Motocinku da hantsi suke fita gonaki, ba sa dawowa sai bayan la'asar. Mu kuma tsakanin nan kaɗai muke so. Ku ɗauki dare da safiya da ranar kasuwa, ku bar mana rana.”

Wani kansila ya ce wannan a baki ne yake da sauƙi. Na ce gaskiyarsa, shi ya sa ba zan ƙara magana ba. Ina gayyatar su shanya. Su zo ran Talata su wuni da ni a bakin leda, abin da suka gani shi ne. In motoci da shinkafa suka yi karo, ni da kaina zan kwashe duwatsuna in tafi bakin kanal. Aminiyata ta ja mini zane ta baya, amma magana ta riga ta fita.

Ciyaman ya ce a je a gani. Ya ce a bar motocin bakin titi su kwana a filin daren Litinin wayewar Talata, a gwada.

Ran Talata kansila ya zo cikin farar shadda, injiniya da littafinsa, sai shugaban direbobi. Filin cike da manyan motoci, hancin wata a gindin wata. Mu kuma mun hura wuta tun bayan sallar asuba, duk unguwa ƙamshin turare. Da rana ta ɗaga, mata suka fara isowa da daruka a ka, tururi yana tashi, suka jeru a bakin titi. Direbobi suka gama shan shayi, aka fara tayar da motoci. Ɗaya bayan ɗaya suna fita, wasu suka nufi Kadawa, wasu suka yi hanyar Bunkure, kwanduna fanko suna rawa a baya. Ina kallon injiniya yana kallon agogonsa yana rubutu.

Sai guda ɗaya ta ƙi tashi.

A tsakiyar filin take, doguwa, ta gilma daga nan har can. Direban ya murɗa, ta yi tari ta mutu. Ya sake, ta yi shiru gaba ɗaya. Ya sauko ya buɗe gaba yana leƙe. Aka ce batir ne, aka ce a'a, sai an kira bakanike daga Kura. Mata fiye da ashirin suna tsaye da kaya a ka, shinkafa tana hucewa a cikin daro. Ba wadda ta dube ni, amma na san abin da ke ransu: ni na yi alkawarin bakin kanal, kuma ba wurina kaɗai na jingina ba.

Shekara da shekaru ina kallon motocin nan suna fita da hantsi, ban taɓa sa wadda ba ta fita ba a lissafi, saboda a bakin titi take lalacewa, ba ruwana da ita.

Injiniya ya ce a hankali, “Baba, kin ga abin da ake gudu ke nan.”

Na ce, “Na gani.”

Na juya wajen shugaban direbobi. Na ɗauka zan ga murna a fuskarsa. Sai na ga yana huci, kunya ce ta kama shi, motar mutanensa ce ta ba da su a gaban mata. Ya cire hularsa ya cusa a aljihu ya daka tsawa: “Kai! Duk mai wando a wurin nan ya zo! Shiga ka riƙe sitiyari, malam, ka sake mata birki!”

Masu shayi suka taso, 'yan kamasho suka taso, ladan ma ya fito daga masallaci. Suka dafa, suka yi nishi, motar ta ɗan motsa ta koma. Tayar baya ta zauna a wani ɗan kwari. Kansila yana gefe yana ba da umarni da hannu. Na ce, “Ango, shaddar ce ta riƙe ka?” Ya dube ni, ya dubi shaddar, ya naɗe hannu ya shiga.

Har yanzu ta ƙi. Sai aminiyata, tsohuwar da gwiwa ke damu, ta ce a sauke mata daronta. Ta gyara ɗamara ta nufi motar. Mata suka sauke kaya suka bi ta. Ni ma na jefar da sandata. Na samu wuri na dafa kusa da shugaban direbobi, kafaɗata tana gugar tasa.

Ya ce, “Hajiya, ki bari kada ki ɓalle.”

Na ce, “Tura, ka daina surutu. Ƙarfinka duk a baki yake.”

Aka yi salati, aka ce ɗaya, biyu. Tayar ta hau, ta sauka, motar ta gangara kamar saniyar da ta gaji da gardama. Muka kai ta kusurwar yamma, bakin lambatu, aka sa mata dutse. Ɓarin turmin aminiyata ne ma aka sa, ta ce aro ta bayar ba kyauta ba.

Kafin a ce haka filin ya rufe da leda. Aka juye daruka, manjagara ta shiga aiki. Injiniya ya tsaya baki buɗe, yana kallon wurin da ya rubuta cewa ba kowa. Na miƙa masa manjagara na ce a nan ba a zaman banza. Ya karɓa yana ja kamar mai tsoron kada ta cije shi, 'yan mata suna ƙunshe dariya. Wata Bafulatana da ke kawo mana nono kullum ta tsaya ta dube shi ta ce, “Wannan sabuwar 'yar aikin taku ba za ta yi ƙarko ba.” Shi ma ya yi dariya. Kansila kuwa an ba shi sanda ya tsare akuya, gaban shaddarsa duk baƙin mai.

Wajen walaha na kira injiniya. Na ɗebi shinkafa daga wurina na ce ya ciza. Ya ciza. Na kai shi bakin titi, wurin wata yarinya da rabonta ya faɗo inda inuwar darbejiya ke kwanciya da safe, na ce ciza wannan. Ya ce wannan da sauranta, tana danƙo a haƙori. Na ce lokaci guda aka baza su. Ban ƙara komai ba, don ban san akwai abin ƙarawa ba. Ni dai so nake ya san rana ba wasa ba ce.

Sai na ga ya ɗaga kai yana kallon bishiyar, ya dubi inuwarta, ya taka ta da ƙafa yana ƙirgawa. Ya buɗe littafinsa ya rufe. Ya ce, “Innalillahi. Baba, benen da na zana a gabas ya fi bishiyar nan tsawo, kuma daga wannan kusurwa har waccan. Ko an bar muku filin, inuwa za ta cinye safiyarku.”

Ni da nake taƙama da sanin inuwa, wannan bai zo mini ba. Na yi ta faɗa a kan motoci, ashe bango ne zai kashe mu.

Ya ce, “Ke da kika daɗe a nan, ta wane gefe ne inuwa ba ta shigowa filin?”

Na san amsar tun kafin ya rufe baki. Katangar tsohon siton nan tana bayana shekara da shekaru, inuwarta waje take faɗawa, sai da damina take ɗan leƙowa taku biyu. Abin da ya sa wurina ya fi na kowa ke nan. Aminiyata ta matso ta mintsine ni a cinya, don ita ma ta gane inda maganar za ta.

Na ce, “Arewa.”

“Ina ne nan?”

“Inda kake tsaye. Wurina ne, da na wannan da ke mintsinina.”

Aminiyata ta ce, “Wallahi ke dai ba ki iya shiru ba.” Na ce in na yi shiru, inuwar za ta faɗa masa, bayan an gama gini.

Muka yi azahar, aka dama fura da nonon Bafulatanar, suka sha a gindin darbejiya. Bayan nan na ja shugaban direbobi na kai shi kan tsohon tabon mansa. Na ce, “Ka gane wannan?”

Ya ce, “Hajiya, wannan maganar ba ta mutu ba?”

“Tabon ya mutu? In motocinku za su riƙa kwana a nan, kullum sai an samu irinsa. Shinkafar da ta ji warin mai ko kaza ba ta ci.”

Ya tsuguna ya shafa wurin. Sannan ya nuna tsibin ɓuntu da ke bayan injin casa, wanda muke hura wutar turare da shi amma ya yi yawa har ana rasa yadda za a yi da shi. Ya ce a garejin bakanike garin katako ake zubawa ya shanye mai, ɓuntu ma zai yi. Ya ce mota ta gaba take ɗiga. In kowace ta sa hancinta a layi guda ta bakin lambatu, aka shimfiɗa ɓuntu a layin, da safe a share a zubar, tsakiyar fili ba zai ga mai ba. Wadda ta lalace kuma, kusurwar da muka tura waccan ta zama tata, kuma turawar a wuyan direbobi take, ba sai tsofaffi sun sa hannu ba.

Na ce, “Ashe akwai abu a cikin kan.”

Ya ce, “Shekara goma ina jira ki tambaya.”

La'asar na yi muka fara kwasa. Muka ɗure a buhu, muka naɗe leda, muka share. Muna ɗauke dutsen ƙarshe motar farko tana shigowa da jan kaya har sama. Injiniya ya dubi agogo, bai rubuta komai ba.

Ba a gama a ranar ba. Majalisa ta zauna ta tashi, ta sake zama. Injiniya ya kawo sabon zane, shaguna sun koma arewa. 'Yan kasuwa suka ce bakin titi suke so, arewa lungu ne. Sai da aka yarda za a fasa hanya ta gefen siton sannan suka sauko, wasu ma har yau suna ƙorafi. Aka rage yawan shagunan. Damina ta zo ta wuce ba a sa bulo ko ɗaya ba, har na fara cewa an manta. Duk zaman da aka kira jama'a ina kujerar gaba da sandata, ba na cewa komai. Kansila ya ce mini wani abokin aikinsa ya roƙe shi ya riƙa zaunar da ni a baya, wai idona yana hana shi tunani.

Ranar da suka ɗaga hannu aka amince, ba da rinjaye mai yawa ba, a takardar da aka manna an zana filin da layi-layi. Na tambayi injiniya mene ne wannan. Ya ce, “Shinkafa ce, Baba.”

Da aka zo fasa daɓen gefen arewa ban je ba. Ina gida ina jin ƙarar injin. Aminiyata ta je, ta dawo mini da ɓallin daɓen a bakin zanenta, ta ajiye mini. Yana nan a ƙarƙashin gadona.

Yanzu an zuba siminti a filin, ya fi daɓenmu santsi, shinkafa ba ta ɗaukar ƙasa. Da aka sake rabon wuri, sai da kowa ta zaɓa sannan na ɗauki abin da ya rage, daidai inda tabon man yake a da. Jikata tana ɗinki a shago na uku, a kan tsohon wurina. Takan leƙo ta taga ta ce in shigo in sha iska, in ce mata wa zai kalli akuya.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Akwai direban da zai yi baƙo bai san doka ba, akwai macen da za ta makara da kwasa, a yi cacar baki. Direbobi sun rataye wani tsohon ƙarfen taya a reshen darbejiya. Da hantsi ni nake buga shi, motoci su fita. Da la'asar shugabansu ke bugawa, mu kwashe.

Shekaranjiya ya buga tun inuwar masallaci ba ta kai bakin titi ba. Na ɗebi shinkafa a hannu na taka har inda yake na ce ya ciza. Ya ciza, ya tauna, ya tofar. Ya juya wajen motocin da suka jeru a titi suna hon, ya ɗaga musu hannu ya ce, “Ku kashe! Da saura.”